Layin Baba Cindo

Da hantsi ya aiko jikansa a keke,
wai in zo da kayan aiki, rediyonsa na gurnani.
Na tarar da shi a zaure, ya miƙe ƙafa,
sifika biyu kamar randuna, hagu da dama,
amfilifaya bisa kifaffen turmi, an rufa mata tsumma.

Ya ce, "Jatau, kasa kunne."
Na kasa. Ƙugi ne siriri, kamar zanzaro a cikin tulu.
Can firjin Ladiyo ya tashi a tsakar gida,
sai ƙugin ya koma kukan sa.
Injin ruwa ya biyo sahu, ƙwan fitila ya yi jajir.

Na bi waya da ido tun daga mita.
Guda ce tal, ta tsufa, ta sha ɗauri,
nan leda, nan salatif, can ƙyallen atamfa.
Ta goya firji, ta goya fanka, ta goya dutsen guga,
uwa ɗaya, kowa na jan nono.
Na ce, "Baba, kayan sauti ba sa cin tarayya.
Sai an ware musu akushi."

Ya sayar da buhun riɗi.
Na hau mashin zuwa Gujungu,
na auno waya yadi arba'in, mai kauri,
na feƙe bakinta na ga jan ƙarfe kafin in biya.
Bireka guda, soket mai ido uku, bututun roba, ƙusa.

Katangar ƙasa ba ta riƙe ƙusa sai da lallashi.
Na bi ƙarƙashin azara, na kauce wa sheƙar tsattsewa,
gumi na shiga ido, testa a bayan kunne.
Bayan ɗaki, gindin zogale, muka haƙa rami kamu uku,
muka kafa sandar ƙarfe,
gawayi kwano biyu, gishiri kwano guda, ruwa tulu.
Ladiyo ta leƙo ta kan danga:
"Yau kuma ƙasa ake wa miya?"

Na ɗaure waya ta ƙarshe da la'asar.
A daidai nan aka ɗauke wuta.

Kwana uku.
Kullum in na wuce, yana zaune tsakanin randunansa,
yana kore kaji da sanda.

Daren na uku yara suka kwashe da ihu.
Na zo da takalmi wari da wari.
Na ɗaga bireka. Ya murɗa.
Shiru.
Irin shirun rijiya kafin guga ya taɓa ruwa.

Na zaci kiɗa zai sa, unguwa ta girgiza.
Sai ya buɗe gwangwanin alawa,
ya warware wani kaset daga tsohuwar hula.
Muryar wansa ce, Wada,
wanda ya bi gabas tun suna samari,
ya tsaya a Gadarif, bai kai ba, bai komo ba.
Gaisuwa, farashin dawa, a gai da Inna, a yafe masa.

Amma a ƙarƙashin maganar,
inda ƙugi ya saba kwanciya,
ga zakara yana cara a wata ƙasa,
ga ƙarar cokali a kofin shayi,
ga wani yaro can nesa yana dariya,
Wada ya juya, a hankali: "Cindo, zauna mana."

Tsoho ya tsayar. Ya mayar baya. Ya sake.
"Shekara talatin ina jin kaset ɗin nan,
ban san ya yi mini takwara ba."

Firji ya tashi a cikin gida. Ko gezau.
Na tattara fulaya da guntayen waya,
na fice ta gefen tabarma.
Akwai cikon dubu biyu a kansa.
Wannan sai wata rana.